Baƙin Dutse Mai Farar Jijiya

  

Yau maganar dutse za mu yi. Wani baƙin dutse ne mai nauyi, wanda farin layi ya ratsa ta tsakiyarsa. Manomi kan ci karo da shi yana huɗa. Makiyayi kan tsince shi a gindin tsauni. Mai haƙar rijiya kan fito da shi cikin guga. A ɗaga, a juya, a goge da bakin riga. Sai zuciya ta fara lissafi. Ko zinariya ce a ciki? Ko daga sama ya faɗo? Kafin magariba hotonsa ya zaga wayoyin unguwa, kowa da kuɗin da ya yanka masa.

To, ɗan uwa, ga abin da nake so ka riƙe tun daga farko. Tambaya biyu ce a hannunka. Dutsen daban, jijiyar daban. Wane dutse ne wannan? Wace jijiya ce ta ratsa shi? Amsar duka biyun tana nan a jikinsa. Don haka a tambayi dutse kafin a tambayi dillali.

Bari mu fara da dutsen kansa.

A can ƙarƙashin ƙasa akwai zafin da ke narkar da dutse. Wani lokaci narkakken dutsen nan yakan sami kafa, ya ɓullo sama, ya malala. Zafinsa ya haura digiri 1000. Masu sauraronmu na Kamaru ba labari suka ji ba. A 1999 Dutsen Kamaru ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangaro har ya tare hanyar mota a bakin teku, kusa da Limbe. Da ya huce, me ya zama? Baƙin dutse mai nauyi. Masana suna kiransa bazalt.

Kada wani ya ce wannan sai Kamaru. Mutanen Biu a kansa suke zaune. Tudun Biu gaba ɗaya tsohon aman wuta ne, kuma Tafkin Tilla bakin wani dutse ne da ya daɗe da mutuwa, ruwa ya cika shi. A Filato, wajen Panyam da Kerang, tsaunukan nan masu kan mazubi duk wuta suka taɓa amayarwa. Haka tsaunukan Longuda a Adamawa. Haka wasu sassan Mambila. Haka cikin duwatsun Azbin a Nijar, da Tibesti a Chadi, da Jabal Marra a Sudan. In a irin waɗannan wurare ka tsinci baƙin dutsenka, to ka riga ka sami rabin amsa.

Yaya za ka gane shi? Kada ka yarda da bayansa. Rana da ruwan sama sun daɗe suna cinsa, sau da yawa bayan ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja, saboda ƙarfen da ke cikinsa ya yi tsatsa. Ɓalli ɗan gefe kaɗan da guduma. Ka kare idonka tukuna, domin tsartuwarsa kaifi ne da ita. Sai ka duba sabuwar fuskar a hasken rana.

Za ka gan ta baƙa, ko toka-toka mai duhu. Ƙwayoyinta ƙanana ne ainun, ido ba ya iya raba su. Dalili kuwa shi ne dutsen ya huce da sauri a sararin Allah, ƙwayoyin ba su sami lokacin girma ba. Ka gwada shi da dutsen da muka fi sabawa da shi, irin na Kwatarkwashi ko Kufena, mai ɗigon fari da baƙi da ja, kowace ƙwaya tana ganuwa. Wancan a ƙarƙashin ƙasa ya huce, sannu a hankali. Wannan kuwa a fili ya daskare.

Ɗaga shi ka ji. Ya fi nauyin da idonka ya ba shi. Juya shi kuma. Wataƙila ka ga ƙananan ramuka, wasu zagayayyu, wasu sun ɗan miƙe gefe guda. Iska ce ta maƙale a ciki lokacin da yake daskarewa. Wataƙila kuma ka ga wasu 'yan ƙwayoyi kore shar, masu sheƙi, a warwatse ko a dunƙule. Olibin ke nan. A wajen Miringa, arewa da Biu, akan same shi dunƙule-dunƙule cikin baƙin dutse, kuma masana sun ce daga can ƙasa mai zurfin gaske wutar ta ɗebo shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji girman ikon Allah. Abin da ba mai haƙar da zai taɓa kaiwa gare shi, ga shi yaro yana jifan tsuntsu da shi.

In kana da maganaɗisu, ko da na tsohuwar lasifika ne, ɗaure shi da zare ka kusanto da shi. Zai ɗan karkata wajen dutsen, kaɗan dai, ba zai manne da ƙarfi ba.

Akwai 'yan uwansa da ke rikita mutane. Wani baƙi ne shi ma, amma in ka zura ido za ka ga ƙwayoyinsa, kuma ba ramuka. Wannan cikin tsagar ƙasa ya daskare, bai kai ga fitowa ba. Wani kuma baƙi ne mai shafi-shafi, yana tsagewa falle-falle. Ku riƙe wannan na biyun, za mu dawo kansa.

Wannan ke nan game da dutsen. Yanzu sai jijiyar, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi.

Jijiyar ba tare aka haife su da dutsen ba. Dutsen ne babba. Bayan ya huce sai ya tsage, ko don ya takura, ko don ƙasa ta motsa. Sai ruwa ya bi tsagar, sau da yawa ruwa mai zafi, ɗauke da narkakkun ma'adinai. Yana wucewa yana barin kaɗan a bango. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har tsagar ta cike. Mai shayi ya san wannan aiki. Ya leƙa cikin butarsa, wadda ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya, zai ga farin ɓawo ya kama cikinta. Ruwa ne ya kawo, ruwa ne ya ajiye. Haka jijiya take samuwa, sai dai ita a cikin dutse, kuma cikin zamani mai tsawo.

Matso da ita kusa da idonka. In ka yi sa'a za ka ga yadda ta tsiro daga bango biyu, wannan gefe da wancan, suka haɗu a tsakiya. Wani wuri ba su gama haɗuwa ba, sai ɗan kogo ya rage, da 'yan haƙora masu tsini suna kallon juna. Ramukan iskar nan ma ruwa kan cika su, sai ka ga baƙin dutse da ɗigo-ɗigon fari.

To wane ma'adini ne ruwan ya ajiye? Galibi ɗayan biyu ne. Kuma kayan gwajin suna gidanka. Ƙusa, da lemun tsami, da fasasshiyar kwalba.

Ɗauki ƙusar ka karci farin layin. Ka danna sosai. In ta shiga, ta bar kurji, farin gari ya fito, to jijiyar mai laushi ce. Tara garin a wuri guda, ka matsa masa ruwan lemun tsami. Ka zuba ido, ka kuma kara kunne. In ka ga 'yan kumfa suna tasowa, kana jin ɗan sauti siii, to kalsait ce. Ita ce dai sinadarin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato da Ashaka. In ta fashe, takan rabu gida-gida masu fuska a shafe, a ɗan karkace.

In kuwa ƙusar ta zame, ba ta bar komai ba sai ɗan layin ƙarfenta, to juya gwajin. Goga jijiyar a jikin kwalba. In ta karce kwalbar, ka sami dutsen ƙanƙara, wanda masu haƙa ke kira kwaz. Lemun tsami ba ya yi masa komai. 'Yan haƙoransa gefe shida ne da su.

Akwai ta uku da akan samu a bazalt, fara ce ita ma, siraran allurai ne da suka bazu daga wuri guda. Ba ta kumfa, ba ta karce kwalba. Kyan gani ne da ita, amma ba ta da kasuwa a wurinmu.

Roƙo guda a nan. Kada a taɓa ruwan batir don wannan gwaji. Na san wasu suna yi. Yana ƙona fata, yana makantarwa. Lemun tsami ya wadatar.

Kun ga ke nan, jama'a. Dutsen daban, jijiyar daban. Kowanne da gwajinsa.

Yanzu bari mu zo kan tambayar da ke cin zuciyar kowa. Akwai zinariya a ciki?

Gaskiya ne, zinariyar Zamfara da ta Birnin Gwari cikin jijiyar kwaz ake samunta. Shi ya sa duk wanda ya ga farin layi sai gabansa ya faɗi. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mafi yawan jijiyoyin kwaz a duniya ba komai a cikinsu. Kuma dutsen da ke ɗauke da jijiyar zinariya a Anka da Maru ba irin na Biu ba ne. Shi ne mai shafi-shafin nan da na ce ku riƙe. Tsohon dutse ne ƙwarai, wanda zafi da matsi suka sauya masa kama tun kafin a yi tsaunukan Biu da na Panyam. Farar jijiya cikin baƙin dutsen aman wuta, mai ramukan iska, ba a nan ake neman zinariya ba.

Wani zai ce, ai na ga abu rawaya yana ƙyalli a ciki. To, mu tambaye shi shi ma. Samo fasasshen tayil, ka goga abin a bayansa, wajen da ba sheƙi. In ya bar baƙin layi mai ɗan kore, fairait ne, ƙarfe da farar wuta. Sau da yawa yakan zo da siffar 'yan akwatuna masu kusurwa. Ka buga shi, sai ya marmashe. Zinariya kuwa layinta rawaya ne. Tana da laushi, allura tana shigarta. In ka buga ta sai ta baje, ba ta fashewa. Launinta ɗaya ne a rana da inuwa. Wani mai ƙyallin kuma farce ma yana ɓare shi falle-falle, iska ta ɗauke. Wannan ba komai ba ne.

A nan zan dakata, domin akwai maganar da ta fi zinariya nauyi.

In mutum ya ƙi tambayar dutse, yakan ce bari in daka in gani. Ya kai shi gida. Ya sa a turmi, ko ya kai injin niƙan hatsi. Ƙura ta tashi, ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. 'Yan uwa, mun ga ƙarshen wannan. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Gubar dalma ce ta kashe su. Dalmar tana cikin dutsen zinariyar da iyayensu ke dakawa a gida. Iyayen ba mugunta suka yi ba, abinci suke nema. Ba wanda ya gaya musu abin da ke cikin jijiyar. Yaran da suka tsira, da yawansu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Bayan shekara biyar abin ya sake faruwa a yankin Kagara, a Jihar Neja.

Ruwan da ya ajiye kwaz a tsaga, shi ne kan ajiye dalma a gefensa. Wani lokaci za ka gan ta, toka-toka mai sheƙi, irin dutsen tozali. Wani lokaci ido ba ya ganinta sam. Ko ba dalma, ƙurar kwaz kanta tana cin huhu a hankali. Saboda haka ina roƙonku da girman Allah. Kada a daka dutse a gida. Kada a sa shi a turmin abinci. Kada a kai shi injin niƙa. Uwargida, in maigida ya shigo da buhun duwatsu, ki yi masa magana da lalama, a ajiye shi nesa da yara da wurin girki. Kina da haƙƙin faɗin haka, 'ya'yanki ne.

To shi baƙin dutsen aman wuta ba shi da wani arziki ke nan? Yana da shi, amma ba a farar jijiyar ba. Safaya, shuɗin dutsen nan mai daraja da ake samu a Mambila da kudancin Kaduna, wuta ce ta ɗauko shi daga ƙasa cikin bazalt. Sai dutsen ya ruɓe, ƙwayoyin su zube, ruwa ya tara su cikin tsakuwar rafi. A Filato kuma akwai wuraren da narkakken dutse ya malala ya rufe tsofaffin rafuka masu kuza, sai da aka huda shi aka kai gare ta. Ga kuma ƙasar noma mai ƙarfi da yake bari in ya ruɓe, wadda manoman wuraren nan suka fi kowa sanin darajarta.

Saura tambaya ɗaya. Ko daga sama ya faɗo?

Ba zan yi wa mai wannan tambaya dariya ba, domin abin ya taɓa faruwa a ƙasarmu. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana gonarsa kusa da Zagami, a ƙasar Katsina. Sai ya ji ƙara mai ƙarfi. Dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Nauyinsa kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ke Kaduna. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya zo. Iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da iskar Mars da kumbon Viking na Amurka ya auna a 1976. Abin mamaki, shi ma dutsen aman wuta ne, dangin bazalt. Kuma shi ma yana da jijiyoyi.

Amma ku saurari bambancin. Jijiyoyin dutsen Zagami baƙaƙe ne, sirara. Ba ruwa ne ya ajiye su ba. Wani gagarumin karo ne ya narkar da dutsen nan take, ya daskare cikin tsaga. Cikinsa toka-toka ne. Baƙin yana waje, ɓawo ne siriri mai sheƙi, wanda zafin ratsa iska ya ƙona.

Na san abin da ya ƙara rura wutar wannan zance. A 2023 an tsinci wani dutsen Mars a yankin Agadez. A watan Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York, kan kuɗin da ya haura dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fita da shi daga ƙasar. Tun daga nan duk baƙin dutse ya zama abin zargi.

To ga yadda za ka rage wa kanka wahala. In dutsenka yana da farar jijiyar kwaz, ɗan ƙasa ne, ba daga sama ya zo ba. In yana cike da ramukan iska, kusan tabbas ɗan ƙasa ne. In baƙi ne ciki da waje, mai ramuka, da alamar ya taɓa narkewa ya kwarara, kuma a tsohon kufai ka tsince shi, to wataƙila kashin maƙera ne, ragowar tamar da kakanninmu suka narka. Mafi yawan duwatsun sama suna kama maganaɗisu da ƙarfi, ko da yake na Mars ba su cika kamawa ba. In kuma ka ga baƙin dutse sumul, an wasa masa baki, irin wanda muke kira gatarin aradu, hannun mutum ne ya wasa shi. Kayan aikin mutanen da ne, kafin zuwan ƙarfe. Ka adana shi, tarihi ne.

In duk ka gwada, dutsen ya ƙi faɗa cikin ko ɗaya, kuma ga siririn baƙin ɓawon nan a jikinsa, to ka tsaya haka. Kada ka ƙara fasa shi. Kada ka wanke shi da sabulu, kada ka shafa masa mai.

Kalmata ta ƙarshe gare ku, masu sauraro. Duk dutsen da ya tsaya muku a rai, ku riƙe inda kuka tsince shi. Wane gari, wace gona, a kwance yake shi kaɗai ko ɓallo shi aka yi daga jikin fa? Masani zai fara tambayar wannan kafin komai. Ku ɗauki hotonsa da rana, ku ajiye murfin kwalba a gefe don a san girmansa. Sannan ku nemi sashen nazarin ƙasa da duwatsu a jami'ar da ke kusa da ku, ko Zariya, ko Jos, ko Maiduguri, ko Kano, ko Yamai. A Najeriya akwai Hukumar Binciken Ƙasa, da ɗakin gwajinta a Kaduna. Ku kai ɗan gutsure, ku bar sauran a hannunku. Kada ku miƙa wa baƙo dutsen gaba ɗaya kan alkawarin zai dawo. Kuma ku tuna haƙar ma'adinai sai da lasisi. Malamai na makarantun firamare da sakandare, ku sa yara su kawo duwatsun garinsu aji, a gwada da ƙusa da lemun tsami, su gani da idonsu. Dutsen daban, jijiyar daban, a tambaye shi kafin a tambayi dillali.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya sa albarka a neman kowa.